Tsuguno Da Ƙarfe A Gaba: Atisayen Da Ya Fi Kama Da Aikin Kasuwa

Duk wanda ya san kasuwannin bakin iyaka, tun daga Gaya da Malanbil, zuwa Birnin Ƙonni da Illela, zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Maigatari, ya san cewa mota ba ta kai kaya cikin magaza. Mota a bakin hanya take tsayawa, sauran tafiyar kuwa gadon bayan ɗan Adam ne ke ƙarasa ta. Buhun shinkafa da na siminti kilo 50 ne, na masara da gero da wake kuwa yakan kai kilo 100. Alhali tun a shekarar 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada a ɗora wa namiji baligi ɗaya abin da ya haura kilo 55, ita kuwa cibiyar da ke binciken lafiyar ma'aikata a Amurka, a lissafin da ta gyara a 1991, kilo 23 ta tsayar, shi ma idan kayan na kusa da jiki kuma ba a yawaita ɗagawa ba.

Sakamakon wannan tazara kowa ya san shi: ciwon baya da kwankwaso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma babu wata lalura da ta kai shi nakasa mutane ta hana su aiki. Ba ɗan dako kaɗai abin ke samu ba. Shi kansa mai kayan, wanda ke yini zaune kan benci yana lissafi, sannan ya tashi ya sunkuya zai jawo dila ɗaya don ciniki ya kama, sau da yawa a nan ne bayan ke riƙewa, ya yi sati biyu bai buɗe rumfa ba.

To mene ne magani? A 2016 wasu masana sun tattara gwaje-gwajen da aka yi kan rigakafin ciwon baya, suka buga sakamakon a wata mujallar likitoci ta Amurka. Abin da suka samu shi ne motsa jiki yana rage aukuwar ciwon, amma ɗamarar baya da ake sayarwa ba ta nuna wani tasiri ba, haka nan wa'azin “ka ɗaga kaya kamar haka” idan shi kaɗai aka yi. Ma'ana dai sai jikin ya yi ƙarfi, kuma ya saba. Daga cikin atisayen da ake yi a ɗakunan motsa jiki kuwa, a ganina babu wanda ya kai tsuguno da ƙarfe a gaba kama da aikin kasuwa.

Daga ina ya fito?

Tsugunon gaba gadon ƴan wasan ɗaga nauyi ne, wasan da ke cikin gasar Olimfik tun ta farko da aka yi a birnin Atina a 1896. A ɗaya daga cikin ɗagawar nan biyu da ake fafatawa a kansu, ɗan wasa yana fizgo sandar ƙarfe daga ƙasa, ya faɗa ƙarƙashinta a tsugune, ya tare ta a gaban kafaɗunsa, ya miƙe tsaye da ita, sannan ya cilla ta sama da kai. Wannan miƙewa daga tsugune ita ce aka ware ta zama atisaye mai zaman kansa. A watan Disamba na 2021, a birnin Tashkent, Lasha Talakhadze ɗan ƙasar Jojiya ya tashi daga tsugune da kilo 267 a ƙirjinsa kafin ya ɗaga su sama, wato fiye da buhun masara biyu da rabi. A 2000 kuwa, shekarar da aka fara barin mata shiga wasan a Olimfik, Ruth Ogbeifo ta Nijeriya ta samo lambar azurfa a birnin Sidni.

Bambancinsa da tsugunon da aka fi gani, wanda ake ɗora sandar a bayan wuya, ya wuce wurin ajiye ƙarfe. Idan ƙarfe na baya, mutum na iya sunkuyawa, ya lanƙwashe gadon bayansa, ya tashi da kayan a haka, kuma babu abin da zai faɗa masa ya yi kuskure sai bayan kwana biyu da zai kasa ruku'u. Idan kuwa ƙarfen na gaba, da zarar ƙirji ya sunkuya sandar za ta gangare ta faɗi. Atisayen da kansa ke yi maka gyara tun kafin ka ji ciwo.

Dalilin da ya sa miƙewar ƙirji ke da muhimmanci, duk mai ɗaukar bokiti ya san shi. Ka riƙe bokitin ruwa kusa da ciki, sannan ka miƙa hannu ka riƙe shi nesa: ruwan bai ƙaru ba, amma wahalar ta ninka. Haka lamarin yake ga ƙashin baya. Kaya mai nisan santimita 50 daga kwankwaso yana neman ninki biyu na ƙarfin da zai nema idan yana nisan santimita 25. Tsugunon gaba yana tilasta kaya su zauna saman tsakiyar tafin ƙafa, aikin ya koma kan cinyoyi da mazaunai, su kuwa tsokokin ciki da na tsakanin kafaɗu su riƙe gangar jiki a miƙe. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Fulorida kan mutum 15, aka buga a 2009, ya nuna cewa tsokokin ƙafa suna aiki kusan daidai a tsugunon gaba da na baya, duk da cewa nauyin da ake ɗauka a na gaba bai kai na baya ba, kuma matsin da ke sauka kan gwiwa ya fi sauƙi. Masu horarwa sukan ƙiyasta cewa mai tsugunawa da kilo 100 a baya, wajen 80 zai iya a gaba. Masu kallon kokowa, wadda ake gasar Takobinta tun 1975 da aka fara a Tawa, su ma sun san cewa wanda zai cira abokin karawarsa daga ƙasa, daga gaba yake rungumarsa, kuma da cinya yake tashi.

Yadda ake yi

Sandar gasa ta maza kilo 20 ce, tsawonta mita 2 da santimita 20, ta mata kuma kilo 15. Ana ɗora ta kan ginshiƙai biyu daidai tsayin tsakiyar ƙirji. Ka matso, ka miƙa hannuwa gaba, za ka ga tsokar gaban kafaɗa ta taso ta yi ɗan tudu, tsakaninta da wuya kuma akwai kwarmi. A wannan kwarmin sandar ke zama, tana ɗan taɓa wuya. Sai ka sa yatsu biyu ko uku ƙarƙashinta, kaɗan waje da kafaɗa, ka turo gwiwar hannu gaba da sama har damtse ya kwanta daidai da ƙasa.

A nan ne mafi yawan sababbi ke ɓata. Hannu ba shi ke ɗauke da ƙarfen ba, kafaɗa ce. Yatsu gadi kawai suke yi kada sandar ta gangara. Wanda ya damƙe ta da tafin hannu duka, kamar zai tura baro, gwiwar hannunsa za ta sauka, nauyin ya koma kan wuyan hannu, gobe ya zo yana cewa atisayen na karya hannu. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a ɗora sandar da babu komai a jikinta kan kafaɗu, a miƙe hannuwa gaba ba tare da an taɓa ta ba, a tsuguna. Idan ta zauna, an samu wurinta.

Bayan ka cire ta daga ginshiƙai, ka ja da baya taku biyu. Ƙafafu su buɗe faɗin kafaɗa, yatsun ƙafa su ɗan kalli waje. Ka ja numfashi ka cika ciki, ka ɗaure shi kamar wanda ke jiran naushi, sannan ka sauka kai tsaye tsakanin ƙafafunka, gwiwa na bin inda yatsun ƙafa suka dosa, diddige na manne da ƙasa. Ka sauka har cinya ta kwanta daidai da ƙasa ko ta ɗan wuce, muddin ƙasan baya bai lanƙwashe ba. Wajen tashi kuwa, ka sa a ranka cewa gwiwar hannu ce ke jan gaba zuwa sama, ka saki numfashi bayan ka wuce wurin da ya fi wuya. Idan ƙarfen ya gagare ka, kada ka yi kokowa da shi: ka sake shi ya faɗi gaba, kai kuma ka yi baya. Saboda haka ba a yin wannan atisaye yara na wasa a gaba.

Inda gizo ke saƙar

A ƙasashen Turawa, babbar matsalar masu koyo ita ce tsugunon kansa, domin wanda ya tashi kan kujera tun yana yaro idon sawunsa ya sandare, da ya sauka sai diddige ya ɗaga. Mu a nan Allah ya hutar da yawancinmu, ganin cewa a tsugune ake alwala, a tsugune ake awon hatsi, a tsugune ake gaida manya. Wanda duk da haka diddigensa ke tashi, sai ya sa siririn katako mai kaurin santimita 2 ƙarƙashinsa, wanda kusan shi ne tudun takalmin ƴan gasa. Silifas dai ba a tsugunawa da su ƙarƙashin ƙarfe, gara ƙafa ba takalmi a kan daɓe mai kyau.

Tamu matsalar a sama take. Wanda ya shekara goma yana tuƙin babur ko yana duƙe kan kaya, kafaɗunsa sun zubo gaba, wuyan hannunsa ba ya lanƙwasuwa baya. Irin wannan mutum yana da mafita biyu kafin jikin ya saki. Ko dai ya gitta hannuwa a ƙirji, na dama ya dafa sandar a kafaɗar hagu, na hagu a ta dama, ko kuma ya ɗaura ƙyalle mai ƙwari guda biyu a jikin sandar ya riƙe bakinsu kamar linzami. Ta biyun ta fi, a nawa ganin, domin tana barin gwiwar hannu a inda ya kamata, ita kuwa gittawar takan kuɓuce idan nauyi ya yi yawa.

Sai shaƙewa. Sandar tana kusa da maƙogwaro, kuma a makon farko takan bar tabo a kafaɗa. Tabon yana wucewa. Amma idan ka ji jiri ko idanu na duhu, sandar ta danne jijiyoyin wuya ne: ka mayar da ita nan take, ka ɗan ɗage kafaɗu sama da gaba, haɓa ta ɗan ja baya. Haka kuma tsokokin saman baya suna riga ƙafafu gajiya, shi ya sa ƴan wasa ba su cika wuce tashi 3 zuwa 6 a zubi ɗaya ba. Gwiwa mai faɗawa ciki lokacin tashi ita ma alama ce ta cewa nauyin ya wuce ƙarfinka na yau.

Wanda babu ɗakin motsa jiki a garinsu bai rasa ba. Jarkar ruwa mai lita 10 kilo 10 ce, sai a rungume ta a ƙirji a tsuguna da ita, bayan makonni a koma mai lita 20. Buhun yashi da aka ɗaure bakinsa ma ya fi kama da ainihin kayan kasuwa. Samarin da ke zuba siminti cikin gwangwani su soka bututun ƙarfe kuwa, ina roƙonsu su kai kowane gefe kan sikeli su auna, tun da sikeli ba ya wuya a kasuwa. Gefe ɗaya ya fi ɗaya da kilo 3, kwankwaso ne zai biya bambancin.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Wannan ya isa: zubi 3, kowane tashi 5, hutun minti biyu ko uku a tsakani, a ƙara kilo 2 ko 3 kawai idan duk tashin ya fita ƙirji a miƙe. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗan dako ya zaɓi ranakun da ba na kasuwa ba, kada ya haɗa wa bayansa sauke tirela da atisaye a yini ɗaya. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, bayan sallar Asuba ya fi, a watan azumi kuma bayan an sha ruwa an huta.

Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai ƙaba ko gwaiwa, da wanda aka taɓa yi wa tiyata a ciki, duk su ga likita kafin su fara, saboda riƙe numfashi ƙarƙashin nauyi yana ɗaga jini na ɗan lokaci, yana kuma ƙara matsi a ciki. Kada kuma a haɗa ƙarfe da tiramol: ƙwayar tana ɓoye ciwon da ke gargaɗi ne kawai, ɓarnar na ci gaba. Buhun kilo 100 kuwa, komai ƙwarewar mutum a tsuguno, aikin mutum biyu ne ko na baro, kuma wannan hukunci a hannun mai kaya yake, ba a hannun ɗan dako ba. Ciwon tsoka na kwana biyu bayan atisaye ba abin damuwa ba ne. Amma ciwon da ke sauka daga kwankwaso ya bi cinya har ƙafa, ko ƙafa ta riƙa mutuwa, wannan na asibiti ne. Idan kuwa ya zo da riƙewar fitsari ko kasa riƙe shi, a tafi a ranar, ko da ranar kasuwa ce.