Wa Ke Biyan Ribar Da Kake Ci? Zance Kan Haɗama Da Kuɗi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau zancen kuɗi za mu yi, kuma zan fara da wata ɗabi'a tamu da ke damuna. A majalisun samari daga Gwarzo har Kabo, in yaro ya zuba kuɗi a wata harka ta intanet ya fita da riba, sunansa mai wayo, idonsa a buɗe yake. In abokinsa ya zuba a wannan harkar dai bayan sati uku, kuɗin suka maƙale, sai ka ji ana cewa ai haɗama ce ta kai shi, kwaɗayi mabuɗin wahala. To tsakani da Allah, me ya raba su? Aiki ɗaya suka yi, niyya ɗaya. Ɗaya ya riga ɗaya shiga ne kawai. Ke nan mu ba haɗamar muke ƙi ba, wanda ya yi asara muke yi wa dariya.

Son kuɗi da yawa ba shi ne haɗama ba, mu fara cire wannan. Manomin da ya gama girbin dawa ya koma noman rani a bakin dam ɗin Guzuguzu, ko mai ɗinkin da ke kwana kan keke a goman ƙarshe na azumi, kuɗi suke nema ido rufe, kuma babu mai zaginsu. A ganina haɗama tana farawa ne ranar da son kuɗin ya hana ka yin tambaya ɗaya: wannan ribar daga ina take fitowa, wa ke biyanta?

Mu ɗauki MMM, wadda ta cika wayoyin mutane a 2016, lokacin wasunmu muna ƙarshen sakandare ko farkon jami'a. Wani ɗan Rasha mai suna Sergei Mavrodi ne ya kafa ta, alkawarinta kuma ribar kashi 30 cikin 100 duk wata. Ɗauko kalkuleta ka buga. In ka sa naira dubu 10, kana mayar da ribar ciki, a wata 12 sun haura naira dubu 230. Wace sana'a ce ke haihuwa haka? Babu gona, babu shago, babu kayan da ake sayarwa. Kuɗin wanda ya shigo yau ake ɗauka a biya wanda ya shigo jiya, shi ya sa kullum ake matsa maka ka kawo mutum. Ranar da sababbin shiga suka ragu, magana ta ƙare. A Disambar 2016 aka rufe asusun mutane, daga baya hukumar NDIC mai inshorar ajiyar banki ta ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 3 sun yi asarar kimanin naira biliyan 18.

Za ka ce an ɗauki darasi. Ina! A Afrilun 2025 CBEX ta rushe, ita kuma alkawarinta ya fi na MMM rashin kunya: a ninka maka kuɗinka cikin kwana 30. Buga wannan ma. Dubu 10 da ake ninkawa duk wata, a shekara guda sun haura naira miliyan 40. Da gaskiya ne, mai harkar me zai yi da dubu 10 ɗinka? Sai ya zuba nasa ya yi shiru.

Ga inda nake so mu tsaya. Wanda ya ci riba a farko, wanda muke kira mai wayo, kuɗin wa ya ci? Na ƙaninsa da ya ja ciki, na matar maƙwabcinsa da ta sayar da akuyarta, na abokin da ya yarda da shi don tare suka yi makarantar allo. Irin wannan harkar ba baƙo ke kawo ta ƙauye ba, ɗan gida ne, wanda aka san gidansu. Shi ya sa in ta rushe ba kuɗi kaɗai ke tafiya ba, har da zumunci. Yanzu dai akwai doka: sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan damfara. Kuma duk kamfanin da ke karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari dole ya yi rajista da hukumar SEC. Takardar CAC da ake tura muku a WhatsApp shaidar rajistar kamfani ce kawai, ba lasisin karɓar kuɗinku ba ce.

Mainin ɗin Hamster na 2024 kuwa ba zan daɗe a kai ba, kowa ya san yadda ta kaya a watan Satumba. Akasari lokaci da data da kuɗin caji aka ƙona, amma watanni na damina da saurayi ya yi yana dangwalar waya su ma jari ne.

Yanzu mu bar intanet mu dawo gida, don akwai wadda ta fi wannan wuyar yanke hukunci, wato ajiyar hatsi. Mu nan yankin kowa ya san harkar. A sayi masara ko dawa ko waken suya da kaka a kasuwanni irin su Getso, a ajiye, a fitar da bazara ko tsakiyar damina in farashi ya ɗaga. Wannan kasuwanci ne, kuma yana da amfani: mai ajiyar ya biya kuɗin buhu da magani da sito, ya ɗauki kasadar ƙwari da ruwa, kuma ba don shi ba da ba za a sami hatsi a kasuwa a watan Yuli ba. To a ina ya koma haɗama? A wurin da abinci ya yi ƙaranci, mutane na kwana da yunwa, kai kuma ka ƙara kwaɗo a ƙofar sito kana jiran ya ƙara tsada. A Fabrairun 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai intaha, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Kano, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimin Gado, ta rufe wasu rumbuna a Dawanau bisa zargin ɓoye kaya. 'Yan kasuwar sun musanta, sun ce ajiyar kasuwanci ce. Kun ga ko a can iyakar ba a fili take ba.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin kuɗi. Ganin ribar da aka ci a 2024, mutane da yawa da ba su taɓa harkar hatsi ba suka afka, wasu da bashi, wasu da kuɗin amana. Gwamnatin tarayya ta janye harajin shigo da wasu kayan abinci na ɗan lokaci, sabon amfani ya shigo, a 2025 farashi ya faɗo. Wanda ya saya da kuɗinsa ya ji zafi amma yana nan. Wanda ya saya da kuɗin wasu, shi ne yake canza hanya in ya hango mai bin sa.

Ba zan zauna a nan in zagi matasa ba. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, mafi ƙarancin albashi a Kano naira dubu 71 ne, ga lefe, ga hidimar iyaye, ga TikTok da ke nuna maka sa'anka a mota. Mutum a matse yana saurin gaskata ƙarya mai daɗi. Sai dai matsin ba ya canza lissafi.

Abin da na ga yana aiki ga masu ƙaramin ƙarfi ba shi da armashi. Raba uwar kuɗi da riba, ko da a shafi biyu na littafi ɗaya ne. Yawancin masu POS da shagon caji da suka durƙushe ba damfararsu aka yi ba, jarin suka riƙa ci suna zaton riba ce. Kuɗin da ba naka ba, na adashi ne ko na marayu ko na ajiyar wani, kada su shiga harkar da za ta iya cinye su. Adashin ma iyayenmu mata sun fi mu fahimtarsa: ba ya haihuwa, abin da ka zuba shi za ka kwasa, amfaninsa ya hana hannunka taɓa kuɗin. Duk adashin da aka ce zai ba ka fiye da zubinka ya tashi daga adashi.

Rowa kuma ita ma ciwo ce, ƙanwar haɗama. Akwai mai kuɗi a asusu da ɗansa ke zazzaɓi yana lissafin kuɗin magani, akwai manomin da zai cika rumbu ya manta cewa zakkar amfanin damina ɗaya cikin goma ce, ta noman ban-ruwa da inji kuma ɗaya cikin ashirin.

Ga mai dubu 100 da ke tambayata inda zai sa su, nakan ce ya je ya zauna da mai kiwon ragon layya na awa ɗaya. Zai faɗa maka nawa ya sayi ragon, nawa dusa da harawa da allura suka ci a wata huɗu, nawa yake sa ran sayarwa, da abin da zai faru in ragon ya mutu ko kasuwa ta faɗi ana gobe Sallah. Sai ka je wurin mai tallan ninka kuɗi ka yi masa waɗannan tambayoyin guda huɗu, ka ga ko zai amsa ko ɗaya ba tare da ya nuna maka hoton alat ɗin wani ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓa manhajojin ba da bashi, da yadda suke tura wa mutanen da ke cikin wayarka saƙon tozarci. Sai mun haɗu.