Saran maciji: na'ura mai ƙwaƙwalwa ta fara ɗinka wa dafi kube

Ƴan uwa manoma da makiyaya, damana lokacin aiki ce, lokacin maciji ce kuma. Daga Dogon Dutsi har Magarya, da wuya a sami ƙauyen da bai san wani da maciji ya sara ba, ko wajen noma, ko wajen ɗaurin dami, ko garin ɗibar itace, ko da dare a tsakar gida. Wani ya tashi, wani ya rasa ƙafa, wani ko gidan likita ba a kai da shi ba.

Ƙungiyar lafiya ta duniya, watau OMS, ta ƙiyasta cewa maciji yana saran mutum fiye da miliyan 5 kowace shekara. Daga cikinsu dubu 81 zuwa dubu 138 suna mutuwa. Waɗanda suke nakasa kuwa sun kai ninki uku na haka. A shekara ta 2017 ƙungiyar ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan ƙasashen zafi da aka yi wa sakaci. A 2019 ta ɗauki aniyar rage wannan ɓarna da rabi kafin 2030.

A wannan wata mun kawo muku labarin wata sabuwar hanyar neman magani. Labarin ya fito daga nesa, daga Amurka da Turai, amma ya shafi kowane mai shiga gona. Ku karanta, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

Maganin da ake samu daga doki

Allurar maciji da ake yi a gidan likita ta daɗe. Wani likita Bafaranshe, Albert Calmette, shi ya fara haɗa ta wajen 1895. Dabarar ita ce: a tatsi dafin maciji, a riƙa sa wa doki kaɗan kaɗan har watanni. Jikin doki sai ya yi garkuwa. Sai a ɗebi jininsa, a tace, a fitar da garkuwar, a zuba a kwalba.

Wannan allura ta ceci rayuka ba iyaka, kuma har yanzu ita ce magani na gaskiya. Amma tana da wahala. Sai an kiwata dawaki, an kiwata macizai. Tana da tsada. Mai ruwa-ruwa sai an ajiye ta cikin sanyi, ga shi ba kowane ƙauye ke da lantarki ba. Wani lokaci jikin mutum yakan ƙi ta, don haka sai ma'aikacin lafiya yana kusa. Sannan wadda aka yi da dafin macijin Indiya ba lalle ta yi aiki kan macijin ƙasarmu ba. Da yake masu bukatarta talakawa ne, ƴan kasuwa ba su ɗokin yin ta. A 2014 wani babban kamfani na Faransa ya daina yin wadda ya saba yi domin Afirka, sauran kwalaben da suka rage kuma lokacinsu ya ƙare a 2016.

Shi ya sa masana suka shiga tambaya: ba za a iya ƙera maganin ba tare da doki ba? Kafin mu ji amsa, sai mun san abin da ake kira furotin.

Mene ne furotin?

Malaman lafiya sukan ce mu ci wake, da ƙwai, da nono, da nama, don suna da furotin, abincin gina jiki. Gaskiya ne. Amma aikin furotin ya wuce nan. Shi ke narkar da tuwo a ciki. Shi ke ɗaukar iska cikin jini. Garkuwar da dokin nan ya yi furotin ce. Dafin maciji ma, yawancinsa furotin ne.

Ku ɗauki furotin kamar zare da aka jera wa tsakiya. Tsakiyar iri 20 ce, masana suna ce mata amino asid. Wani zaren yana da ƙwaya 60, wani ɗaruruwa, wani dubbai. Da an gama jeri sai zaren ya naɗe kansa ya dunƙule, ya ba da wata siffa tasa ta musamman. Jerin shi ke kawo siffa, siffa kuma ita ke yin aiki, kamar yadda haƙoran makulli ke buɗe kwaɗo.

Ga misali da muka sani. Amosanin jini, watau sikila, ya samo asali daga furotin mai ɗaukar iska cikin jini. Ɗaya daga cikin zarurrukansa yana da ƙwaya 146. Ta 6 kaɗai ta sauya. Wannan ƙwaya guda ita ke sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, yaro ya kwana yana kuka da ciwon gaɓoɓi.

Rumbun da aka yi shekara 50 ana cikawa

Furotin ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ido ba ya ganinsa. A da, gano siffar guda ɗaya aikin shekaru ne. A Kambirij ta ƙasar Ingila, Max Perutz ya share fiye da shekara 20 kan furotin jinin doki, yana amfani da haske irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Shi da abokin aikinsa John Kendrew sun sami lambar yabo ta Nobel a 1962.

A 1971 masana suka yi shawara mai kyau. Suka kafa rumbu guda, suka ce duk wanda ya gano siffar wani furotin ya kawo ya zuba, kowa kuma ya ɗiba kyauta. An fara da siffa 7. A 2023 sun wuce dubu 200. Mu da muka san rumbun tsimi, mun san amfanin irin wannan tattali.

Wannan rumbu shi ya zama makarantar kwamfuta, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa. Yaya na'ura take koyo? Ana nuna mata jerin tsakiya, a ce ta faɗi siffar. Ta faɗa, ta yi kuskure. A gwada da amsar gaskiya da ke cikin rumbu, a ɗan gyara lissafin da ke cikinta. A sake, a sake, sau miliyoyi, har kuskuren ya ragu. Ba wanda ya rubuta mata dokokin naɗewar zare ɗaya bayan ɗaya. Daga yawan misali ta tsince su, kamar ɗan baduku da ya girma yana kallon hannun ubansa.

Tun 1994 masana suke yin gasa duk shekara biyu. Ana ba su jerin furotin da aka riga aka gano siffarsa amma aka ɓoye, a ga wa zai canka. A 2020 wani tsari mai suna AlphaFold 2, na kamfanin DeepMind da ke Landan, ya sami maki wajen 92 cikin 100, ya bar kowa nesa. A 2021 aka saki tsarin ga jama'a. A 2022 aka fitar da siffofi fiye da miliyan 200 da ya lissafa, kyauta.

Kayan aikin masu wannan sana'a

Maƙeri ba ya ƙira da hannu banza, sai da zugazugi, da masaba, da awartaki. Haka masu sarrafa kwamfuta. Ita na'ura ba ta yin komi sai an rubuta mata umurni, kuma umurnin yana da harsunansa. Wanda masu bincike suka fi amfani da shi sunansa Python. Wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fitar da shi a 1991. Abin dariya, ma'anar kalmar ita ce mesa, ko da yake shi daga sunan wasu ƴan wasan ban dariya na Ingila ya aro ta. Ga shi yau da mesa ake neman maganin kumurci.

A kan wannan harshe an gina wasu kayan aiki. NumPy, tun 2006, yana sarrafa tarin lambobi da sauri. PyTorch da aka fara a kamfanin Facebook, da JAX na kamfanin Google, su ne ke ɗaukar nauyin lissafin koyo, watau gyaran kuskuren nan da muka faɗa. Da JAX aka rubuta AlphaFold 2. Dukansu a buɗe suke: kowa na iya ɗauka, ya karanta yadda aka yi su, ya gyara, ba ko dala. Akwai ma wani mai suna ColabFold, wanda ta intanet ake shiga. Ɗalibin jami'a a Yamai ko Maraɗi zai iya zuba masa jerin furotin ya ga siffar, ba sai ya mallaki babbar na'ura ba.

Amfanin buɗewar nan biyu ne. Na ɗaya, wanda ya zo baya ba ya komawa farko. Na biyu, in akwai kuskure cikin lissafin wani, idon wani zai gani. Magani kuwa ba abin da za a karɓa ba ne don an ce kawai, sai an bincika.

Daga canka siffa zuwa ƙera sabuwa

Sanin siffar abin da yake akwai daban, ƙera wanda babu daban. A jami'ar Washinton da ke birnin Siyatil na Amurka, wani malami, David Baker, ya juya tambayar. Ya ce: in na zana siffar da nake so, wane jeri zai ba ni ita? A 2003 shi da mutanensa suka ƙera wani furotin mai ƙwaya 93, suka sa masa suna Top7, wanda ba a taɓa ganin irin naɗinsa a jikin wata halitta ba. A 2022 Koriya ta Kudu ta yarda da wata allurar rigakafin korona da aka tsara wani ɓangarenta a wannan jami'a. A 2024 Baker ya sami rabin lambar Nobel ta ilimin sinadarai, Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind suka raba sauran rabin.

A 2023 mutanen Baker suka fitar da wani tsari, RFdiffusion, wanda aka rubuta da PyTorch. Ga yadda aka koyar da shi. Ana ɗaukar siffa daga rumbu, a hargitsa ta kaɗan kaɗan har ta watse, a ce ya maido ta. Da ya ƙware, sai a ba shi hargitsi zalla, shi kuma ya riƙa shiryawa har sabuwar siffa ta fito.

Yanzu mu koma kan maciji. Cikin dafin dangin kumurci da gamsheƙa akwai wasu ƙananan furotin da ake kira masu yatsa uku, saboda siffarsu. Wasunsu sukan je su toshe wurin da jijiya ke ba tsoka umurni. Sai fatar ido ta faɗi, haɗiya ta gagara, numfashi ya tsaya. Saboda ƙanƙantarsu, jikin doki ba ya yi musu garkuwa sosai.

Wata mai bincike a ɗakin Baker, Susana Vázquez Torres, tare da Timothy Jenkins na wata jami'ar ƙasar Danmak, suka ba na'ura siffar dafin, suka ce ta zana abin da zai rufe shi ruf, kamar yadda baduku ke ɗinka wa wuƙa kube daidai bakinta. Wuƙa cikin kube ba ta yanka. RFdiffusion ya zana siffofi masu yawa. Wani tsari, ProteinMPNN, ya zaɓi jerin tsakiyar da za ta ba da kowace siffa. AlphaFold 2 ya duba ko jerin zai naɗe yadda ake so. Waɗanda suka ci jarrabawa aka sa ƙwayoyin bakteriya suka yi su cikin tulun bincike. Ba doki, ba garke.

Sakamakon ya fito cikin mujallar Nature a watan Janairu na 2025. An ba ɓeraye dafin da ya isa kisa, aka ba su sabon furotin. Kashi 80 zuwa 100 cikin 100 suka rayu. Furotin ɗin ƙanana ne, kuma suna jure zafi. Ga mai zaune inda rana ke ƙuna kamar Tawa ko Damagaram, wannan ba ƙaramin albishir ba ne.

Kada mu yi gaggawa

Sai dai mu faɗa muku gaskiya. Ɓera ba mutum ba ne. Gwajin na 2025 a kan ɓeraye aka yi shi, kuma da tataccen dafi iri ɗaya ɗaya. Dafin da maciji ke zubawa gauraye ne, iri goma-goma a haɗe. Kafin sabon magani ya isa gidan likita sai an gwada shi kan mutane mataki mataki, aikin shekaru.

Abu na biyu, macijin da ya fi kashe mutane a yankinmu ba kumurci ba ne. Kububuwa ce, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Dafinta wani iri ne: yana hana jini daskarewa, sai jini ya riƙa zuba ta dasashi, ta fitsari, ta bakin ciwon. Kuben da aka ɗinka wa mai yatsa uku ba zai rufe wannan ba. Ita ma sai an zauna an ɗinka mata nata. Abin da aka samu dai shi ne hanya, da kayan aiki a buɗe ga kowa, har da ɗiyanmu da ke karatun kimiyya.

Kafin nan, me za mu yi?

In maciji ya sari mutum, a janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali. A cire zobe, da munduwa, da duk abin da zai matse in kumburi ya zo. A ɗaura wa hannun ko ƙafar kara ko itace don kada ta motsa, amma ba ɗaurin matsewa ba. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa. Baƙin dutse ba ya fitar da dafi. Kada a ba shi asfirin, don yana ƙara zubar jini. Kada a bar shi ya yi tafiya da ƙafa: a ɗora shi kan amalanke, ko babur, ko mota, a kai shi gidan likita nan take, ko da ya ce ba ya jin komi. Dafin kububuwa yakan yi shiru da farko. In maciji mai tofi ya tofa a ido, a wanke da ruwa mai yawa, sannan a tafi likita.

Rigakafi kuma ya fi. A sa takalmi rufaffe wajen shiga gona. A riƙe fitila da dare. A share ciyawa kusa da ɗaki, a kori ɓera daga rumbu, don shi ke jawo maciji. Mai kwana a ƙasa ya kafa gidan sauro, ya cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma.

Masu gari da shugabannin ƙungiyoyin manoma, ku tambaya tun yanzu wane gidan likita mafi kusa ke da allurar maciji, ku sanar da jama'a, ku kuma tanadi abin hawan da za a nema ko da tsakar dare.