Ina Hadarin Yake Zuwa Bayan Ya Wuce Mabai?

A Mabai, da sauran garuruwan da ke tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ko ƙaramin yaro ya san ta inda ruwa ke ɓullowa. Ta gabas ne. Da la'asar sakaliya gari zai yi ɗif, zufa ta ishi kowa, sai a hango baƙi ya tokare sama ta wajen Malumfashi. Kafin ɗigo ɗaya ya sauka, iska mai sanyi ta riga ta iso da ƙura da ganyaye, tana kwantar da masara, tana jijjiga kwanon rufi. Uwargida na ƙwala wa yara kira su kwashe shanya, a kife turmi, a kora awaki ƙarƙashin rumfa. Sai ruwa ya kece. Bayan kamar awa guda ya koma yayyafi, walƙiya kuma ta koma yamma, wajen Tsafe da Gusau.

Amma akwai abin da bai zauna daidai ba a nan. Duk wanda ya lura da hayaƙin murhu da safiyar damina zai ga iska daga kudu maso yamma take busowa. Can ne teku yake, can ne laima take. Gabas kuwa Barno ce, sai Chadi, sai Sudan, babu wani teku kusa. To ta yaya ruwa zai riƙa zuwa daga ɓangaren da babu ruwa? Kuma me ya sa a tsakiyar damina yakan zo a jere, a yi kwana ɗaya ko biyu ana tafkawa, a ɗan sarara kwana biyu ko uku, sannan ya dawo? Tambaya ta uku ita ce wadda ta fi nisa: in ya wuce mu, ina ya nufa?

Ta farkon ce ta fi sauƙi. Iskar da ke kanmu da damina hawa-hawa ce. Ta ƙasa, wadda muke ji a jiki, ita ce mai laimar da ke tasowa daga Tekun Gini, kuma kaurinta bai cika wuce kilomita ɗaya ko biyu ba a wannan yanki. A samanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma, tana yin kilomita 40 zuwa 50 a awa. Bambancin zafi ne ya haife ta: Sahara na tafasa a arewa, gaɓar teku na da sanyi-sanyi a kudu, mu kuma muna tsakiya. In rana ta gasa ƙasa, iskar ƙasa mai laima ta tashi ta zama girgije, girgijen ya yi tsiri har ya haura kilomita 12, sai wannan iska ta sama ta kama shi ta yi yamma da shi. Wato ruwan na kudu ne, abin hawansa ne na gabas.

Ita ma iskar sanyin da ke riga ruwa isowa tana da aikinta. Ruwan da ke zubowa daga girgijen yana ratsa busasshiyar iska, wani sashensa ya ƙafe, iskar ta yi sanyi ta yi nauyi ta faɗo ƙasa, ta bazu gaba. Tana tafe tana cusa kai ƙarƙashin iska mai ɗumi, tana ɗaga ta sama, sabon girgije na haɗuwa a gaban tsohon. Da haka hadarin da ya taso a tsaunukan Jos ko duwatsun Azbin da rana yake iya cin ɗaruruwan kilomitoci cikin dare.

Sai dai duk ƙarfin hadari, yana da iyaka. Yawanci cikin yini guda ko ƙasa da haka ya watse. Daga Katsina zuwa Dakar, inda ƙasa ta ƙare, ya haura kilomita 2,500. Hadarin da ya jiƙa gonakin Mabai da magariba zai iya kaiwa Sakkwato ko ya tsallaka Nijar, amma da wuya ya ga teku. In da a nan maganar ta tsaya, da amsar tambaya ta uku ita ce: yana mutuwa a hanya.

Ba a nan ta tsaya ba, domin a can ƙetaren Tekun Atlantika wasu mutane na fama da tasu tambayar. A 1940 wani masanin yanayi na Amurka, Gordon Dunn, ya lura cewa a tsibiran Karebiyan ma'aunin nauyin iska yakan sauka ya hau duk bayan 'yan kwanaki, kuma saukar tana tafiya ne daga tsibiran gabas zuwa na yamma, ɗauke da girgije da ruwa. A 1945 Herbert Riehl ya fayyace siffar abin: igiya ce a cikin iskar da ke busowa daga gabas. Wasu daga cikin igiyoyin nan sukan rikiɗe su zama mahaukaciyar guguwa. Amma daga ina suke? Gabas da tsibiran babu komai sai ruwa na dubban kilomitoci, babu tashar awo, sai ɗan rahoton da jirgin ruwa ya aiko in ya ratsa.

Tauraron ɗan'adam ne ya buɗe ƙofar. An harba na farko mai ɗaukar hoton girgije a 1960, kuma kafin ƙarshen shekarun nan masana sun fara bin sawun igiyoyin da baya-baya, hoto bayan hoto. Sawun bai tsaya a tsakiyar teku ba. Ya kai tsibiran Kef Bade, ya hau tudu a Senegal da Gini, ya ratsa Mali da Burkina da Nijar da arewacin Najeriya. A 1969 Toby Carlson ya wallafa bayanin yadda suke ratsa Afirka ta Yamma. A 1972 Robert Burpee ya nuna tushensu: wannan iskar ta sama da ke kora mana hadari ba ta iya tafiya a miƙe. Tana lanƙwasa, ta karkata kudu, ta dawo arewa, kuma kowace lanƙwasa igiya ce. Da yawa daga cikinsu suna farawa ne daga wajen tsaunukan Darfur da Habasha. A 1974, ƙasar Hausa ba ta gama farfaɗowa daga farin 1973 ba, ƙasashen duniya suka tara jiragen ruwa kusan 40 da jiragen sama suka kafa sansani a Dakar don auna igiyoyin nan yayin da suke faɗawa teku.

Awon ya amsa tambayarmu ta biyu ba tare da an nufa ba. Igiya ɗaya tana wucewa duk bayan kwana 3 zuwa 5. A gabanta da tsakiyarta iska tana taruwa tana tashi sama, hadari ya samu gindin zama. A bayanta gari ya washe. Jerin nan da manomi ya sani, wanda yake lissafi da shi wajen sa taki ko yin maimai, wucewar igiyoyi ne ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma warware matsalar mutuwar hadari. Hadarin yana mutuwa, amma igiyar da ta haife shi tana nan tafe a hankali, kamar kilomita 600 zuwa 700 a yini, gobe ta haifi wani a Yamai, jibi wani a Wagadugu, har ta kai bakin teku.

Kimanin igiyoyi 60 ne ke barin gaɓar Afirka kowace shekara, kuma mafi yawansu a banza suke ƙarewa. Kafin igiya ta zama guguwa, sai ruwan teku ya kai zafin digiri 26 zuwa 27, sai iskar sama da ta ƙasa ba sa jan girgijen ɓangare biyu, sai kuma busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ba ta shaƙe shi ba. Dole kuma abin ya ɗan yi nesa da tsakiyar duniya, domin juyawar ƙasa ce ke sa shi ya fara kewaya kansa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Legas da Fatakwal, duk da ambaliyarsu, ba su san irin wannan guguwa ba. Kaɗan ɗin da suka tsallake su ne abin tsoro. Binciken Christopher Landsea na 1993 ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na manyan guguwowin Atlantika daga igiyoyin Afirka suke. Kafin shi, a 1990, William Gray ya nuna wani abu mai ɗaure kai: a shekarun 1950 da 1960, da damina ke albarka a yammacin Sahel, manyan guguwowi sun yi ta dukan gabashin Amurka, a shekarun fari na 1970 da 1980 kuwa suka yi ƙaranci. Shekarun da rumbunanmu suka cika, su ne nasu na fargaba.

Mu bi guda ɗaya. Ranar 28 ga Agustan 2008 wata igiya ta bar gaɓar Afirka ta Yamma. A irin saurin da aka ambata, tafiyar kwana huɗu ce ke tsakanin layin Katsina da Maraɗi da wannan gaɓa. Tauraron Meteosat na aiko hotonta duk minti 15, ma'aikatan cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami suna kallo. Ranar 1 ga Satumba girgijen ya dunƙule ya fara juyawa, ya zama guguwa, aka raɗa mata suna Ike. Daga nan sanarwa duk awa shida: ga inda take, ga ƙarfinta, ga inda ake zaton za ta bi. Ranar 4 ga wata ta kai mataki na huɗu cikin biyar. Da ta matso inda jirgi zai iya kaiwa, sai matuƙa suka riƙa kutsawa cikinta har tsakiyar idon, suna sakin 'yan na'urori masu lema da ke aiko da nauyin iska da saurinta kafin su faɗa ruwa. Ta daki Kyuba sau biyu, ta shiga Tekun Meziko a raunane. Da ta doshi jihar Texas, tana mataki na biyu ne kawai.

Mutanen gaɓa da yawa sun ji "mataki na biyu" suka saki jiki. Sun ga irinta a baya. Birnin Galveston ma yana da katanga mai tsayin mita 5 da aka gina bayan guguwar 1900, wadda ta hallaka mutum aƙalla 6,000. Sai ga abin mamaki ranar 12 ga Satumba: guguwa na can nesa, iska ba ta yi wani ƙarfi ba, amma teku ya fara hawowa tudu. Ya shafe hanyoyin zirin Bolivar da ke kusa da Galveston tun mutane na ɗaure kaya. Da idon guguwar ya sauka a Galveston wajen ƙarfe biyu na daren 13 ga wata, da iska mai gudun kilomita 175 a awa, tumbatsar teku a Bolivar ta kai mita 4 da rabi zuwa 6. A garin Gilchrist da ke kan zirin, gidajen da suka rage a tsaye ba su taka kara sun karya ba.

Ta yaya guguwa mai mataki na biyu ta tara ruwan da ake zato daga ta huɗu? Zargin farko ya faɗa kan raguwar nauyin iska a tsakiyar guguwa, wanda ke barin teku ya kumbura. Gaskiya ne yana kumbura, amma kaɗan: kamar santimita ɗaya ga kowane milibar ɗaya da ya ragu, abin da bai wuce rabin mita da kaɗan ba a nan. Sauran duk aikin iska ne, tana tura ruwa gaba. Kuma a nan ne ma'aunin mataki ya yaudari jama'a, domin saurin iska mafi ƙarfi kawai yake faɗa, ba ya faɗin girman guguwar. Ike ta rasa kaifi a kan Kyuba amma ta yi faɗi. Iskarta mai ƙarfi ta kai sama da kilomita 400 daga tsakiya, ta kwana ta yini tana tura ruwan Tekun Meziko.

Saura siffar ƙasan teku. Zuba ruwa a bokiti ka hura, ba abin da zai zube, domin ruwan da ka tura ta sama yana nutsewa ya dawo ta ƙasa. Zuba shi a faranti ka hura, nan take zai haye baki. Gaɓar Texas da Louisiana faranti ce: ka yi tafiyar sama da kilomita 100 cikin teku ruwan bai yi wani zurfi ba. Ruwan da aka turo ba shi da hanyar komawa, sai tudu. Ita kuma hawowar da ta riga guguwa da yini guda, bincike ya nuna daga baya cewa iskar gefen Ike ce ta jawo ta. Ta yi ta busawa a tsawon gaɓar, ta kora ruwa ya bi gefen ƙasa, juyawar duniya kuma ta karkatar da shi dama, wato kan tudu. Kafin babbar tumbatsar ta iso, tafkuna da mashigin Galveston sun riga sun cika maƙil.

A ganina laifin bai tsaya kan waɗanda suka ƙi tashi ba. Hukuma ta yi gargaɗi mai zafi, amma ta shekara da shekaru tana koya wa mutane su auna haɗari da lamba ɗaya, lambar kuma ta iska ce, alhali ruwa ne ya fi kisa. A 2010 cibiyar Miami ta cire ƙiyasin tumbatsar teku daga ma'aunin matakan nan gaba ɗaya. A 2017 ta fara fitar da gargaɗin tumbatsa daban da na iska, ƙari a kan taswirar da ta riga ta fara fitarwa, wadda ke nuna tsayin da ruwa zai iya kaiwa a saman ƙasa, unguwa-unguwa.

Shekara guda bayan haka aka gwada sabon tsarin da wata igiyar tamu. Ta bar gaɓar Afirka ranar 30 ga Agustan 2018, ta zama guguwar Florence, ta kai mataki na huɗu a tsakiyar teku, sannan ta yi ta raguwa har ta sauka a jihar North Carolina ranar 14 ga Satumba tana mataki na ɗaya. Masu hasashe sun rage lambar iska, amma ba su janye gargaɗin ruwa ba. Tumbatsar ta bi kogin Neuse ta shiga garin New Bern da tsayin kusan mita 3, aka kwana ana kwashe ɗaruruwan mutane daga gidajensu da kwale-kwale.