Ƙwan fitilar LED: Ƙarin haske ko ƙarin haɗari a hanyoyin karkarar Kano?

Direbobi da dama da ke bin hanyoyin arewacin jihar Kano da daddare suna cire ƙwayayen fitilar da motocinsu suka zo da su, suna maye gurbinsu da masu farin haske da ake kira LED.

Dalilinsu a fili yake. Hanyar Kano zuwa Katsina da ta ratsa Dawanau da Bichi da Tsanyawa, da kuma ta Kano zuwa Daura da ta bi ta Dambatta, duka sun keta yankin da gonaki da ƙauyuka ke manne da juna.

A irin wannan wuri titi ba na mota kaɗai ba ne. Akwai amalanken shanu, da jakuna, da masu kekuna, da masu tafiya a ƙasa, kuma akasarinsu ba sa ɗauke da wata fitila, musamman a lokacin kaka da kuma daren da kasuwa ta watse.

Sai dai kuma ƙwan da ya fi haske ba lallai ne ya sa direba ya fi ganin hanya ba.

Bambancin ƙwayayen biyu

Tsohon ƙwai, wanda ake kira halojin, yana da siririyar waya a cikinsa, wadda lantarki ke gasawa har ta yi haske. Mafi yawan wutar da yake sha tana tafiya ne a zafi.

Nau'in H4, wanda ke cikin tsofaffin motoci masu yawa, yana shan wat 60 a doguwar fitila, da wat 55 a gajeriya.

Shi kuwa LED, haskensa na fitowa ne daga wasu 'yan ƙananan ɓallaye na lantarki. Wutar da yake sha ba ta kai ta halojin ba, kuma mai inganci ya fi daɗewa.

Fasahar ta samo asali ne daga aikin Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, masana 'yan asalin Japan da suka ƙirƙiro shuɗin LED a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2014.

A 2007 ne motar Lexus LS 600h ta fito da irin wannan fitila tun daga masana'anta.

Inda gizo ke saƙa

Motar da aka ƙera da fitilar LED daban take da motar da aka cusa wa ƙwan LED daga baya.

A bayan kowane ƙwai akwai kasko mai ƙyalli kamar madubi, wanda aka auna shi daidai da wurin da siririyar wayar halojin take. Shi ne ke tattara hasken, ya jefa shi kan kwalta, ya kuma datse shi daga sama don kada ya shiga idon mai tahowa.

Idan ɓallayen LED suka fi wayar faɗi, ko suka goce daga wurinta ko da kaɗan ne, sai hasken ya watse.

Direban zai ga gaban motarsa fari fat, ya ɗauka ya ci riba, alhali hasken da ke kaiwa nesa ya ragu. Wanda ke tahowa kuwa, hasken ya kashe masa ido, kuma a cikin 'yan daƙiƙoƙin nan ne yake iya afka wa amalanken da ke gefen hanya.

A lokacin hunturu matsalar na ƙaruwa, domin ƙurar hazo tana maido da hasken da ya tashi sama zuwa idon direba.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Birtaniya, tun daga 2021, motar da aka sa wa ƙwan LED a cikin kaskon halojin tana faɗuwa a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, in ban da motocin da suka tsufa ƙwarai.

Jamus kuwa ta amince da wani ƙwan LED na kamfanin Osram a 2020, amma ga jerin motocin da aka gwada shi a cikinsu kaɗai.

Wato dai abin dubawa shi ne dacewar ƙwan da kaskon motar, ba yawan hasken da aka rubuta a jikin kwali ba.

Abin da ya kamata a duba

Kafin a nufi kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a birnin Kano, yana da kyau a fara duba gilashin fitilar. Robar da rana ta dafa ta koma rawaya tana tare haske, kuma goge ta ya fi sayen sabon ƙwai arha.

Haka nan tsohuwar waya da mahaɗin da ya yi tsatsa suna rage wutar da ke isa ga ƙwan.

Ga wanda ya yanke shawarar sauyawa, ya nemi lambar da ta dace da motarsa, kamar H4 ko H7, ya kuma zaɓi mai siraran ɓallaye da ke zaune daidai inda wayar halojin take.

Zafi ma abin lura ne. LED na tara zafi a gindinsa, abin da ya sa ake haɗa shi da 'yar fanka. Idan ƙura ta toshe fankar, hasken zai dushe ko ƙwan ya mutu.

Bayan an ɗaura, sai a tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, a kunna gajeriyar fitila. Ga galibin ƙananan motoci, iyakar hasken ta sama za ta kasance ƙasa da tsayin fitilar da kimanin santimita 10.

Idan babu wata iyaka da ake gani a jikin bangon, to ƙwan bai dace da kaskon ba.

Gudu da nisan haske

Fitilar da ke santimita 65 daga ƙasa, idan aka saita ta haka, haskenta zai sauka kan titi a wajen mita 65.

Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma tana bukatar fiye da mita 70 kafin ta tsaya, ko da birkinta lafiya lau yake.

Ma'ana, mai irin wannan gudu da gajeriyar fitila ba zai iya tsayawa ba kafin ya kai ga abin da ya hango, ko wane irin ƙwai ne a motarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023, mutane kimanin miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade kilomita 80 a sa'a ga ƙananan motoci a manyan hanyoyi, da kilomita 50 a cikin gari.