Kamun kifin salmon a Sikotlan in ruwan kogi ya ja baya lokacin kaka

Wataƙila wasunku sun taɓa cin karo da irin bidiyon nan a WhatsApp: Bature tsaye cikin kogi, ruwa har gwiwa, sanye da wandon roba, yana wurga zare da doguwar sanda. Can sai ya jawo kifi kamar cinyar mutum, yana ƙyalli sai ka ce azurfa, ya ɗan kalle shi, ya zare ƙugiya, ya sake shi ya tafi. Mai kallo a nan sai ya riƙe baki, ya ce wannan wace irin asara ce? To, kifin sunansa salmon, Faransawa na ce masa somon. Bari mu leƙa Sikotlan, a arewacin Birtaniya, mu ga yadda ake wannan su da kuma dalilin sakin.

Shi salmon a kogi ake ƙyanƙyashe shi, cikin tsakuwa, inda ruwa ke da sanyi da tsabta. Yakan yi shekara 2 ko 3 a nan bai wuce tsawon tafin hannu ba, sannan ya gangara teku. Wasu sukan kai har gaɓar Girinlan, tafiyar dubban kilomita. A teku yake ci ya yi ƙiba. Bayan shekara ɗaya, biyu ko uku sai ya juyo, ya nemo kogin da aka haife shi, kuma ƙanshin ruwan na cikin abin da ke yi masa jagora. Wajen watan Nuwamba da Disamba macen ke tona rami cikin tsakuwa da wutsiyarta, ta zuba ƙwai dubbai. Mafi yawansu daga nan mutuwa suke yi, kaɗan ne ke komawa teku.

Ga abin mamakin. Daga ranar da ya baro teku ya shigo kogi, salmon ya daina cin abinci. Kitsen da ya tara shi ne guzurinsa, ko da zai yi wata shida yana jiran lokacin ƙwai. Kun ga ke nan mai fatsa yana ƙoƙarin yaudarar kifin da ba yunwa yake ji ba.

Abin da ake jefa masa ana kiransa ƙuda, amma ba ƙuda ba ne. Ƙugiya ce aka naɗe da gashin tsuntsu, gashin dabba da zare mai walƙiya, ba tana, ba tsoka. Ƙudan ba shi da nauyi, don haka zaren ne ke da nauyi, shi ke ɗaukarsa zuwa tsakiyar ruwa. Sandar kan kai mita 4 ko 4 da rabi, da hannu biyu ake riƙe ta. Mutum ya jefa a karkace zuwa gangare, ya bar ruwa ya jawo ƙudan a hankali har ya dawo gefensa, ya yi taku ɗaya, ya sake jefawa. Haka zai wuni. Me ya sa kifin ke cafka? Su kansu masuntan ba su daina gardama a kai ba. Wani ya ce haushi ne, wani ya ce tsohuwar al'adar farauta ce ta teku ke motsa masa, wani ya ce son ganin ƙwaƙwaf ne kawai, tunda kifi ba shi da hannun da zai taɓa abu sai baki.

Kogin da ya fi suna a kamun kaka shi ne Tweed, mai tsawon kilomita 156, wanda ƙarshensa ya bi iyakar Sikotlan da Ingila ya faɗa teku a garin Berwick. Kogin Spey ana rufe shi ranar 30 ga Satumba, Tay kuma 15 ga Oktoba, amma Tweed yana buɗe har 30 ga Nuwamba. Daga 15 ga Satumba ƙuda kaɗai aka yarda a yi amfani da shi a can. Ranar Lahadi ba a kamun salmon a Sikotlan, doka ce. Kuma ba wai ka ɗauki sanda ka gangara ba ne: kogin a rarrabe yake gunduwa-gunduwa, kowace da mai ita, haya ake biya ta yini ko ta mako, wurare irin mahaɗar Tweed da Teviot a garin Kelso kuwa sai mai hali. Sau da yawa tun watanni kafin lokacin aka biya, ba wanda ya san ko za a yi ruwan sama.

Nan ne maganar ta bambanta da tamu. A wajenmu, in ruwa ya ja baya, kamar yadda kogin Isa ke yi a Yamai wajen watan Mayu, kifi kan taru a gurabe, kamu ya yi sauƙi. Can kuwa ƙarancin ruwa shi ne baƙin cikin mai fatsa. Salmon yana bukatar ƙaruwar ruwa kafin ya haura. In an daɗe ba a yi ruwan sama ba, waɗanda ke bakin teku sai su tsaya cak, dabbobin teku masu cin kifi suna ta ɗibarsu. Waɗanda suka riga suka shigo kuma su kwanta a gurabe masu zurfi, mako biyu, mako biyar. Azurfar jikinsu ta dushe ta koma ja-ja, namijin ya fito da wani lanƙwasasshen haɓa kamar ƙugiya. Sun ga ƙuda iri-iri ya wuce ta kansu har sun gaji. Za ka ga kifi goma suna tsalle gabanka, ko ɗaya ba zai kula ka ba. Ruwan kuma ya yi garau, inuwarka ma ta isa ta kore su.

To, me gwanaye ke yi? Komai sai a rage shi. A ajiye babbar sanda a ɗauki ƙarama. A sa siririn zare mai tsawo a ƙarshe, don kada kaurin babban zaren ya faɗo kusa da kifi. Ƙuda kuma a koma ɗan mitsitsi, wani bai kai farcen yatsa ba, baƙi ko mai ɗan ja. Wani mai suna Arthur Wood, da ya yi su a Cairnton a kogin Dee farkon ƙarni na 20, shi ya yi suna da shafa wa zaren siliki maiƙo don ya yi iyo a sama, ƙudan ya bi dab da fuskar ruwa. Zaren yanzu na roba ne, amma dabarar tasa ce har gobe. Ana fita da asuba ko dab da magariba, a bar gurbin ya huta da rana. Ana neman wuyan gurbi, inda ruwa ke gudu yana kumfa, don nan iska ta fi yawa kuma kifi ba ya samun sukunin ƙare wa ƙuda kallo. Ana takawa a hankali, ba a shiga ruwa sai dole. Wasu in duk wannan ya ƙi, sai su yi akasinsa: su jefa dogon ƙuda su fizgo shi da sauri ta kan kifin, ko haushi ya sa ya biyo. Ga ganyen kaka da ke zubowa yana maƙale wa ƙugiya, kowane jifa sai ka tsaya cirewa.

In kifin ya kama, akwai wani haƙurin kuma. Hannu zai so ya fizge nan take, wanda ya fizge kuwa ya zare ƙudan daga bakinsa. Sai an bari ya juya da shi, an ji nauyinsa, sannan a ɗaga sanda.

Gaskiyar magana dai, duk dabarun nan rage zafi ne. Abin da kowa ke jira shi ne hadari. Ruwan sama na dare ɗaya a kan duwatsu ya isa ya ɗaga kogin, ya yi ja. Ranar ba a kamu. Amma da ya fara sauka yana washewa, sababbin kifi sun shigo daga teku, tsofaffin ma sun motsa, abin da aka kasa samu a mako uku sai a same shi kafin azahar.

Yanzu ga dalilin sakin. A 2010 masu fatsa a Sikotlan sun kama salmon sama da 100,000. A 2023 wajen 33,000 aka kama, mafi ƙaranci tun da aka fara ƙirge a 1952, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari an mayar da su ruwa. A watan Disamba na shekarar ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa salmon na Birtaniya cikin waɗanda ke cikin haɗari. Tun 2002 ma doka ta hana sayar da wanda aka kama da sanda a Sikotlan. Mafi yawan asarar a teku take faruwa, inda ƙanana ke tafiya ba su dawowa kamar da. Amma kogin ma yana da nasa: madatsun da ke tare hanya, gurɓatar ruwa, da zafi. Ruwa kaɗan saurin ɗumi gare shi, ruwa mai ɗumi kuma iskarsa kaɗan ce. Digiri 23, wanda mu nan sanyi ne mai daɗi, shi salmon wahala ce gare shi. Shi ya sa ake ba masunta shawara su naɗe zare in ruwa ya doshi digiri 20, domin kifin da aka gajiyar cikin irin wannan ruwa yana iya mutuwa ko an sake shi.

Na kaka kuwa, musamman macen da ta yi duhu, cikinta cike yake da ƙwai, saura makonni ta zuba. Namanta ma ya riga ya saki, ba daɗin ci. Ana cire mata ƙugiya tana cikin ruwa, da jiƙaƙƙen hannu, a riƙe ta tana fuskantar igiyar ruwa har ƙarfinta ya dawo ta fizge da kanta.

Da can ba haka ba ne. Ranar 7 ga Oktoba 1922 wata mata, Georgina Ballantine, tana cikin kwalekwale da mahaifinta a kogin Tay, ta kama salmon mai kilo 29 bayan kokawar kusan awa biyu. Ba da ƙuda ta kama shi ba, amma fiye da shekara ɗari ke nan ba wanda ya kama wanda ya fi shi da sanda a Birtaniya. Yau a kogin Dee aikin da ake ji da shi dashen itace ne: an ƙudurta dasa miliyan ɗaya a bakin rafukan da ke shayar da kogin, don inuwa ta sanyaya ruwan da ƙananan kifi ke girma a ciki.

Ƴan uwa da ke Faransa ko Beljiyam za su ce ai kullum suna ganin somon a kanti, jajir, yanka-yanka. Wannan kusan duka na kiwo ne, daga kejin da aka girke cikin teku, akasari a Norwe, wasu a Sikotlan ɗin kanta. Bai taɓa haura kogi ba.