Mabuɗin da matasa masu haɗa manhaja a Aliero, Jega da Maiyama ke mantawa a hannun baƙo

An fi sanin Aliero da albasa da kuma gwanayen ɗori. Amma tun 2006, lokacin da gwamnatin Adamu Aliero ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi a garin, wata sana'a ta shigo yankin: rubuta manhajar kwamfuta da ta waya.

Ɗalibin da ya koyi wannan aiki yana iya haɗa wa ɗan kasuwar Jega manhajar lissafin kaya, ko ya yi wa wata makaranta a Maiyama ta adana sakamakon jarrabawa. Sai dai akwai wani ɓangare na sana'ar da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi, wato yadda ake haɗa rumbun ajiyar aikin da manhajar da ke duba kurakuransa.

Mene ne rumbu, wane ne mai duba?

Duk manhaja rubutu ce, layi bayan layi, wanda masu sana'ar ke kira kod. Domin kada aikin ya cakuɗe, ana amfani da Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Shi ke riƙe tarihin kowane gyara: wa ya yi shi, yaushe, kuma me ya sauya.

Git yana aiki ko babu intanet, abin da ya dace da wuraren da sabis ke ɗaukewa. Mutum na iya yin aikinsa a ƙauye, idan ya samu sabis sai ya tura shi zuwa rumbun da ke GitHub, GitLab ko Bitbucket. An buɗe GitHub a 2008, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5.

Mai duba kuwa wata manhaja ce dabam, irin su SonarQube, CodeQL da Codecov. Wasu na karanta kod ɗin su nuna kuskure ko ƙofar da 'yan kutse za su iya bi, wasu kuma na auna yawan ɓangaren aikin da aka gwada.

Mai duba ba ya shiga rumbu sai an ba shi izini. Izinin nan dogon jerin haruffa ne da lambobi da ake kira tokin. Mabuɗi ne, kuma duk wanda ya riƙe shi, rumbun zai ɗauke shi tamkar mai gida.

A nan gizo ke saƙar. Wanda ya ɗauko mai awo domin ya ƙirga masa buhunan albasa, mabuɗin sito kaɗai zai ba shi. Amma a kan intanet, sau da yawa mutum kan danna amincewa bai karanta ba, sai ya miƙa mabuɗin sito da na shago da na ɗakin kwana gaba ɗaya.

Abin da ya faru da manya

A 2020 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa 'yan kutse na kwashe kod na hukumomin gwamnati da kamfanoni ta hanyar SonarQube. Dalilin ba wata gwaninta ba ce. Waɗanda suka girka manhajar sun bar ta a buɗe ga kowa a intanet, ba su kuma sauya suna da kalmar sirrin da ta zo da su daga kamfani ba.

A watan Afrilun 2021 kamfanin Codecov ya sanar da cewa an yi wa wata 'yar manhajarsa kutse tun ƙarshen Janairu. Kimanin wata biyu tana tura mabuɗan abokan hulɗarsa zuwa ga ɓarayi, har sai da wani abokin hulɗa ya lura cewa fayil ɗin da ya sauke ya saɓa da na asali.

Bayan shekara guda, a Afrilun 2022, GitHub ya bayyana cewa an sace mabuɗan da aka ba kamfanonin Heroku da Travis CI, aka yi amfani da su wajen sauke rumbunan sirri na ƙungiyoyi da dama. A Janairun 2023 kuma CircleCI ya nemi dukan masu amfani da shi su sauya mabuɗansu bayan an kutsa masa.

A waɗannan ukun, ba ƙofar rumbun aka ɓalle ba. Ta hannun wanda aka ba amana aka shiga. In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Me ya shafi ɗan Kebbi?

A ɗauka matasa uku sun haɗa wa wani ƙaramin asibiti manhajar rajistar marasa lafiya. Ɗayansu ya haɗa rumbun da mai duba ta asusunsa na kansa, da mabuɗi marar wa'adi. Bayan shekara ya tafi bautar ƙasa, sauran ba su ma san da haɗin ba.

Idan wayarsa ta ɓata, ko ya bar asusunsa a buɗe a kwamfutar wani shagon buga takardu, mai tsintuwa zai iya karanta kod ɗin. Idan kuma an manta da kalmar sirrin ma'ajiyar bayanai a cikinsa, sunayen marasa lafiya da cututtukansu sun fita.

Wannan ya wuce abin kunya kawai. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma tanadi tara ga wanda ya yi sakaci.

Yadda ake riƙe haɗin

Na farko, a ba mai duba abin da aikinsa ke buƙata kawai. Tun Oktoban 2022 GitHub ya fito da mabuɗan da za a iya taƙaita su ga rumbu ɗaya, a kuma hana su yin gyara sai karatu.

Na biyu, a sa wa kowane mabuɗi ranar ƙarewa. Wanda zai mutu bayan kwana 30 ko 90 ya fi wanda zai shekara biyar ba a tuna da shi ba.

Na uku, aikin haɗin gwiwa ya zauna a asusun ƙungiya, ba na mutum ɗaya ba. Ranar da wani ya bar aikin, ranar za a janye izininsa.

Na huɗu, kada a rubuta mabuɗi a cikin kod. Git ba ya mantuwa: ko an goge layin, yana nan a tarihi. Wanda ya riga ya tura, maganin shi ne ya soke mabuɗin nan take ya yanko sabo.

Na biyar, a riƙa leƙa sashen saituna, inda aka jera dukan manhajojin da aka taɓa ba izini. Wadda aka gwada sau ɗaya aka watsar, a cire ta.

Sai kuma tantancewa mai mataki biyu, wadda GitHub ya fara wajabta wa masu tura kod daga Maris ɗin 2023. Akwai lambobin ceto da ake bayarwa lokacin kunna ta. A kwafe su a takarda a adana a gida, domin wanda aka zare wa waya a kasuwa ba tare da su ba na iya rasa asusunsa gaba ɗaya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke buƙatar kuɗi, ban da 'yar datar shiga. Abin da suke buƙata shi ne malami ya koyar da su tun ranar da ɗalibi ya buɗe rumbunsa na farko, shi kuma mai ba da kwangila ya tambayi matashin da ya ɗauka: wa da wa ke riƙe da mabuɗin aikina?