Yadda Lambun Gadar Brooklyn Ke Ciyar Da Kansa

A gaɓar Kogin Gabas da ke birnin New York na ƙasar Amurka, inda jiragen ruwa suka daina sauke kaya tun shekarun 1980, akwai lambun shaƙatawa mai faɗin eka 85, wanda aka buɗe sashensa na farko a 2010. Yarjejeniyar da gwamna George Pataki da magajin gari Michael Bloomberg suka sanya wa hannu a 2002 ta tanadi cewa gwamnati za ta biya kuɗin gini, amma kuɗin kula da wurin lambun ne zai nemo da kansa.

Saboda haka aka ware kusan kashi goma cikin ɗari na filin aka ba 'yan kasuwa haya, suka gina otal da gidaje masu tsada, sannan aka karkatar da harajin da za su biya baitulmalin birni zuwa asusun lambun. Wasu mazauna kewayen lambun sun kai ƙara kotu, suna ganin an yanka wa masu hannu da shuni filin jama'a, kuma ƙorafin nasu yana da tushe.

Sai dai ɗawainiyar da ta fi cin kuɗi tana ƙarƙashin ruwa, domin tsofaffin matsayan jiragen da aka mayar filayen wasa suna tsaye ne a kan dubban ginshiƙan katako, kuma tsabtar da kogin ya samu ta dawo da ƙananan halittun ruwa masu cin itace, abin da ya tilasta lulluɓe ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya don kada su ruɓe.